Kwamfutar da Ta Riƙa Suma

Ina jin ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a kasuwar Maigatari ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina.

Da na gama hidimar ƙasa na dawo Gumel, sai na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, samfurin da bai daɗe da fitowa ba. Ban saya da ka ba, sai da na yi wata biyu ina bincike. Kuma gaskiya kyakkyawa ce, ba nauyi, ga hoto tas. A makon ne Kawu Sale, shugaban wata ƙungiyar manoman riɗi a Ɗanzomo, ya kawo mini littattafan sunayen mutanensu. Ana so a shigar da su ta intanet kafin Juma'a, in ba haka ba rabon irin bana ya wuce su.

"Ga mai digiri a gida, me zai kai mu shagon wani?" in ji shi.

To, da na yi kamar minti ashirin ina aiki sai kwamfutar ta fara huci, ta ɗau zafi, ta mutu. In kunna, ta sake suma. Na duba intanet na ga wasu na cewa rukunin farko na samfurin ya zo da matsala, sai na ce shi ke nan, tawa na ciki. Na kira kamfanin, suka yi ta sa mini kiɗa har na haddace shi. Daga baya wata baiwar Allah mai haƙuri ta ɗauka, ta ce in aiko da ita Legas, mako uku. Na zauna na rubuta musu takardar koke shafi uku (kusan kowane layi da "mai yiwuwa" ya fara, amma dai koke ne).

Ranar Alhamis saura kwana ɗaya, ko rabin sunayen ban kai ba. Kawu ya ɗauke ni a babur zuwa kasuwar Maigatari, rumfar Malam Isufu, wani dattijo mutumin Damagaram mai gyaran waya da rediyo. Tun kafin mu zauna Kawu ya sanar da direbobin da ke jiran cajin waya cewa kamfani ya cuci ɗansa. Ni kuma na gyara tsayuwa na jero bayani, rabi da Turanci.

Malam Isufu ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya juya kwamfutar ya dubi ƙasanta.

"Mushe," haka suke kiran ɗan boko a can, "wa ya naɗe ta haka?"

"Ni ne, Baba."

Kun san mu da sabon abu, ba ma cire leda. Ni na ma zarce. Na bi 'yan ramukan da ke ƙasanta da gefenta na liƙe da salatif, don kada kiyashi su shiga. Kuma a kan matashi nake ɗora ta, gudun kada ta karce.

"To ta ina kake so ta yi numfashi?" in ji Malam Isufu.

Wani direba ya ce, "Wallahi ko tirelata aka toshe wa lagireto haka, ba ta kai Gagarawa!" Rumfar ta kwashe da dariya. Kawu ya duƙar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Malam Isufu kaɗai bai yi dariya ba. Ya sa farce ya ɓare salatif ɗin a hankali, ya ce, "Kulawa ce ta yi yawa, ba komai." Ya jera murafen kwalba huɗu a kan tebur, ya ɗora ta bisa, ya jona mini wutar solarsa, ya matsa mini a benci. Daga hantsi har la'asar nake bugawa, Kawu na karanto sunaye. Ko tari ba ta yi ba. Sunan ƙarshe ya shiga ana kiran salla.

Washegari na kira kamfanin don in janye kokena. Na sha kiɗana, matar nan ta sake ɗauka, na yi mata bayani dalla-dalla. Ina jin tana kokawa da dariya, sannan ta ce, "Yallaɓai, ka yarda in ba abokan aikina labari?"

Na yarda. Tun daga nan, kafin in zargi kowa, sai na fara bincikar abin da ni na yi da kyakkyawar niyya.