Yadda Za Ka Daka Itace Ya Zama Takarda a Turmin Matarka

Kai da surukinka yake yi wa kallon wanda bai iya komai ba sai noman dawa, matso. Hanyar nan ba ta kuskure. Lado na Doguwa ya bi ta bana, har yanzu zancensa ake a kasuwar Tudun Wada.

1. Fara cika baki

Lado ya sayo fitila a Kano, ya tarar an naɗe ƙwanta da wata takarda shara-shara, mai laushi kamar auduga. Akawun kanti ya ce da itace ake yin ta. Lado bai tsaya jin saura ba. Ya durƙusa gaban surukinsa Malam Inuwa ya ce, "Baba, itace ne fa kawai. Ka zo ran kasuwa ka ga tawa." Kai ma yi haka. Gwani na gaske ba ya jin ƙarshen bayani.

2. Zaɓi zare

Zaren ɓawon kuka dogo ne, yana sarƙe juna, sai dai kaushi. Na karan dawa gajere ne, ga laushi, ba ƙarfi. An ce masu inji, gauraya dogo da gajere suke yi. Kada ka gauraya. Kuka zalla, kai namiji ne.

3. Dafa da ruwan toka

A tukunyar tuwo, ba a wata ba. Matar Lado, Tani, ta leƙo ta ce, "Malam, igiya za mu ci yau?" Kai dai gyara wuta, ka ɗaure fuska.

4. Daka

Nan asirin yake. Zare in ya sha daka kaɗan, takarda ta yi laushi. In ya sha da yawa, ya manne ya ƙanƙame. To amma wa ya taɓa ganin fura ta lalace don an kirɓa ta? Lado ya kirɓa har maƙwabta suka aiko tambayar ko biki ake.

5. Zuba kuɓewa

Duk abin da Lado ya sani yana riƙe juna, yauƙi gare shi. Ya juye miyar Tani a ciki, ya shafe a rariya, ya shanya a kan falalen dutse. Tsaya da sanda, awaki ba su san ilimi ba.

6. Tarbi surukinka

Ran kasuwa Malam Inuwa ya karɓi takardar, ya gwada lanƙwasawa, ta ƙi. Ya ƙwanƙwasa, ta ce ƙwas. Tsoho ya ajiye ta ƙasa, ya ɗora ƙafa.

"Lado, da hannunka ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Tani, miƙo wuƙa." Ya zagaye ƙafarsa da ita tsaf. "Tun bara nake neman tafin takalmin da ƙaya ba za ta huda ba. Madalla da kai, yaro. Saura na hagu."

Lado ya waiga wajen turmi. Tani ta riga ta kife shi ta zauna a kai.

Gargaɗi: tsagewar turmi, kwana ba miya, da surukin da ke yawo da takalmi wari ɗaya yana cigiyarka, duk naka ne. Mai wannan rubutu bai san ka ba, a kanti yake sayen takardarsa.