Kawu Mamuda da Tsayuwar Ƙafa Ɗaya

Akwai wani saurayi a unguwarmu, Tasi'u, direban a-daidaita-sahu, wanda ƙwayar tiramol ta kusa gamawa da shi. Kawunsa Mamuda, mai keken, ya ƙwace makulli, aka kai Tasi'u gidan da ake raba mutane da shaye-shaye. Kawu ya rantse a gaban dangi cewa makullin nan ba zai koma hannun Tasi'u ba sai ya gani da idonsa an shiryu. Shi kuwa Kawu, Allah ya hore masa tumbi da baki. Kowa a wurinsa lalatacce ne, shi kaɗai ne na kirki.

Tasi'u ya sha wuya, ba kaɗan ba. Ga ciwon gaɓɓai, ga gumi, ga ƙunci. Abin da ya riƙe shi shi ne motsa jikin da ake sa su yi kowace safiya, wanda mai koya musu yake kira yoga: a miƙe, a lanƙwashe, a ja numfashi a sake shi a hankali. Duk lanƙwasar da zai yi, makullin nan ne a ransa, don ba shi da wata sana'a sai tuƙi. Da mahaifiyarsa ta kai wa Kawu albishir cewa Tasi'u ya kama yoga hannu bibbiyu, sai ya ja tsaki.

"Yogot? Ai a cikin yogot ɗin suke jiƙa ƙwayar! Ku dai ba ku san komai ba."

Rannan sai ga Kawu a gidan da hantsi, babbar riga na jan ƙasa. Ya tarar da ƙarti a tsakar gida, kowa kan tabarmarsa, hannuwa a ƙasa, ƙugu a sama. Tasi'u kuwa ta tsakanin ƙafafunsa ya hango shi.

"Innalillahi! Tasi'u, goho aka kawo ka ka koya? Da gemunka?"

"Sannu da zuwa, Kawu. Yogar ke nan, ita ke kwantar mini da hankali."

"Hankali? Da can a buge kake faɗuwa, yanzu da idonka biyu kake kifewa. Wallahi gara jiya!"

Maganar ta soki Tasi'u har zuci, amma ya ja numfashi kamar yadda aka koya masa, ya haɗiye. Mai koyarwa ya ce a tsaya da ƙafa ɗaya. Tasi'u ya ɗage ƙafa, ya haɗa tafuka a ƙirji, ya tsaya ƙyam ko gezau. Mutumin da a da ƙafa biyu ma ba ta isarsa!

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ji shashanci! Wannan ai ko zakarana yana yi. In na kasa wannan, ɗauki makullinka, kowa shaida ne."

Ya naɗe riga a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa. Tumbi ya yi gabas, Kawu ya yi yamma, sai ji kake tim! Hula ta yi nata wuri. Aljihu ya zazzage: ga goro, ga makulli, ga kuma wani ɗan kati na ƙwaya, rabi an ɓalle. Babu wanda bai gane katin nan ba a gidan, ai shi ya tara su.

Tasi'u ya sauke ƙafa, ya durƙusa da ladabi, ya sa makulli a aljihunsa, ya miƙa wa Kawu katin da hannu biyu.

Kawu ya fizge yana haki. "To, me kuke kallo? Na ciwon baya ne!"

"Ni ma da ciwon baya na fara, Kawu. Ga tabarmata nan na bar maka, da goho ake somawa."