Kaskon Kajin Inna Tasalla

A Tudun Randa mata sun gaji ginin tukwane kaka da kakanni. Da robobi suka kashe kasuwar tulu, sai mutanen garin suka zauna suka yi shawara: tunda 'yan birni sun daina sayen tukwane, wataƙila su yarda su zo kallonsu. Aka kafa kwamitin karɓar baƙi, aka ba Malam Tanimu shugabanci, wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba. Aka share wani zaure aka jera tukwane, aka sa masa suna Ɗakin Tarihi. Duk baƙon da ya zo, a zagaya da shi, sannan a kai shi gidan Inna Tasalla ya gwada hannunsa a yumɓu.

Ita Inna Tasalla shekararta hamsin tana gini, kuma a wajen kakarta Kyallu ta koya. Kyallu kuwa ba ta wasa ba ce. Idan ta ƙwanƙwasa tukunya ta ji ƙarar ba ta yi mata ba, a nan take fasa ta, ko da mai saye na tsaye. Inna takan haƙura da komai, har da baƙin da ke tambayarta ko hannunta ba ya ciwo, amma ban da a taɓa sunan Kyallu.

Bara, cikin baƙin farko, akwai wani Dakta Bashari daga wata jami'a, masanin kayan tarihi. Ya naɗe hannun riga ya ce tukunyar miya zai gina. Ya yi awa guda yana kokawa da yumɓu, yana gumi, yana yi wa Inna bayanin yadda ake yi. Abin da ya fito ba tukunya ba ne, ba kuma kasko ba: baki a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ga shatin babban yatsa ya lotsa a ciki. Dakta ya wanke hannu ya shiga mota, bai ko waiwayi abinsa ba. Inna ba ta iya zubar da yumɓu, don haka ta gasa shi tare da nata, ta ajiye wa kaji ya zama kaskon shan ruwansu. Damina ta bi ta kansa, kaji suka tsattsage bakin, gansakuka ta kama gindin.

Bana da labari ya zo cewa Dakta zai dawo da ɗalibai mota guda, Malam Tanimu ya shiga gida gida neman tsofaffin kaya, don an ce masa Ɗakin Tarihin ya cika sababbin abubuwa. Ya iske Inna ta tafi ɗibar yumɓu a rafi. Ya kori kaji, ya zubar da ruwan, ya saɓi kaskon.

Sai ranar da baƙi za su iso Inna ta leƙa zauren. Ga kaskon kajinta a tsakiya, a kan farin ƙyalle, an tura tulunanta can lungu. Ta nuna 'yar takardar da aka jingina a jikinsa.

“Tanimu, me ka rubuta a nan?”

“Ginin marigayiya Kyallu, Inna. Sama da shekara ɗari.”

Inna ta ji abin har cikin ranta. Ta daɗe ba ta ji baƙin ciki irin wannan ba.

“Kyallun wa? Kai, ka san wanda ya...”

“Inna, don girman Allah ki rufa mana asiri. Ga mota can ta shigo. Tarihi suka zo gani, in ba su gani ba, garin gaba za su riƙa zuwa. Yau ɗaya dai ki yi shiru. Ke dai murmushi, ni magana.”

Inna ta dubi matan unguwa da suka yi layi a bakin zaure da sababbin zannuwa, kowace da 'yan tukwanenta a faifai. Ta sami kujera 'yar tsuguno ta zauna. Murmushin dai bai samu ba.

Dakta ya shigo, ɗalibai na bin sa da littattafai. Ya wuce randunan da Inna ta yi wata guda tana gini ko kallo ba su ishe shi ba. Yana ganin kaskon ya tsaya cak, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

“Ku matso,” ya ce wa ɗalibai. “Wannan shi ne abin da nake gaya muku a aji. Ku dubi bakin. Jahili zai ce karkacewa ya yi. Ba karkacewa ba ce, hikima ce, don a tsiyaya ruwa ba tare da ya zube ba.”

Ɗalibai suka rubuta. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

“Ku shinshina. Kun ji wannan wari? Warin shekaru ne.”

Ɗalibai suka shinshina ɗaya bayan ɗaya. Wata daga cikinsu, da alama gidansu ana kiwon kaji, ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi Dakta, ta fasa.

Sai ya juyo wajen Inna, cikin ladabi irin na mai shirin koya wa tsohuwa sana'arta.

“Inna, aikin kakarki ne, ko? To ba don in ɓata miki rai ba, amma kun saki hanya. Naku ya yi sumul da yawa, kamar na inji. Ni zan rubuta littafi a kan garin nan, kuma hoton wannan zan sa a bango, da sunan Kyallu a ƙasa da manyan baƙaƙe. Duniya ta san iyakar gwanintarta ke nan.”

Malam Tanimu ya yi ta ƙifta wa Inna ido har hularsa ta goce. Inna ba ta dube shi ba. Tunaninta yana wajen Kyallu, wadda ta fasa tukwanen da suka fi wannan kyau sau dubu, yau ga shi za a liƙa mata mashayar kaji a bangon littafi har abada.

Dakta ya ɗaga kaskon da hannu biyu, ya zura babban yatsansa a shatin nan. Ya zauna daram, kamar an auna.

“Allahu Akbar! Kun gani? Kamar jiya aka danna. Jikina har tsuma yake.” Ya ɗaga kai sama. “Allah ya jiƙan mai wannan hannu.”

Zaure ya amsa da amin, muryar Malam Tanimu ta fi ta kowa. Inna ta bari aka yi tsit, sannan ta ce:

“Amin, Dakta, in lokacinka ya yi. Bara dai da ka gina shi lafiyarka ƙalau.”