Yadda Ake Goyon Tukwanen Iska a Guangzhou

'Yar'uwa, in kika bi matakan nan ba tsallake, na yi miki alkawari za ki kai tagwayen tukwanen iska, irin waɗanda masu nutso ke ratayawa a baya, tun daga kanti har wurin lodi, kuma duk titin zai san fuskarki. An gwada su a kan wata Malama Fasuma, tsohuwar malamar kimiyya, a 1998. Ba ni ba ce. Kama dai muka yi.

1. Ki haifi ɗa mai taurin kai

Nata Munkaila ne, auta. Shi ake kira in ruwa ya ci mutum a kududdufi ko dam, ya faɗa da numfashin ƙirjinsa kawai. Daminar da ta gabaci tafiyar ya fito jini na bin hancinsa. Da ta zo sarin kaya, ta rantse ba za ta koma Kano ba sai da iskar da zai shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Kwantenar da za ta kai kayan gida kuwa da la'asar za a rufe ta. In ta wuce, sai bayan damina.

2. Ki ƙi shawarar mai kanti

A unguwar Tianhe, lawban, wato maigidan kanti, zai nuna miki wani mazaunin ƙarfe mai naɗewa, ana ɗaga shi ana sauke shi. A kansa ake ɗora tukwanen daidai ƙugu, mutum ya juya baya ya zura hannuwa a maɗauri yana tsaye. Zai nuna miki da hannu cewa kowa da shi yake haɗawa. Nan za ki ja tsaki. Ai kowa ne ya ce kada mai ciki ta ci ƙwai.

3. Ki jawo ilimi

"Shekara talatin ina koyar da kimiyya," in ji Malama. "Tukwanen nan fanko ne, ko iskar ba a ɗura ba. Ina nauyin zai fito?"

Habsatou, ƙawar tafiyarta 'yar Maraɗi, ta ce, "Hajiya, ƙarfen fa?"

"Ke dai riƙe leshinki."

A lura: duk amsar da ba ki da ita, laifin mai tambaya ne.

4. Ki duƙa a ɗora miki

Tasi ba ta tsayawa a wannan gefen, sai an haye gadar sama. Macen da ta goya 'ya'ya bakwai ba ta neman dabara a wajen mai kanti. Ki fito da zani daga jaka, gyale ya zama majanyi. Lawban zai kama kai yana "Meyo, mama, meyo!" Ma'anarsa a'a, amma ki ɗauka kirari ne. Shi da Habsatou suka ciccibo tagwayen da nishi suka aza. Malama ta ɗaure tamau a ƙirji.

5. Ki zauna a ruku'u

Ga abin da ba a rubuta a manhaja ba: jariri yana maƙale ki da ƙafa, in kin miƙe ya bi ki. Ƙarfe ba ya bin kowa. Malama ta yunƙura, ƙugu ya ce ƙas. Ta kai hannu ga ƙulli, nauyi ya riga ya matse shi. Ba miƙewa, ba saukewa, a bakin titi, masu kekuna suna birki suna kallo.

"Hajiya," Habsatou tana share hawayen dariya, "wannan ruku'u ya yi tsawo. Ko liman ya manta da ke?"

Daga inda Malama take inuwa kawai take gani a ƙasa, tana ƙara tsawo. La'asar ta matso. Hancin Munkaila ne ya faɗo mata a rai.

6. Ki roƙa ba tare da kin roƙa ba

"Ce wa lawban ya kawo abin nan nasa," ta faɗa wa gwiwoyinta, "in duba ingancinsa."

Ba a ma buƙaci tafinta ba, yana riƙe da shi tun ɗazu. Ya zura shi ta bayanta, ya ɗaga har tagwayen suka zauna, ƙulli ya saki. Sannan ya yafito mai keken kaya, wanda tun safe yake ƙofar kantin, kuma shi ke kai wa kowa kaya. Sun tarar an tura ƙyaure ɗaya na kwantenar, ta ɗayan tagwayen suka shiga.

7. Ki sayi biyu

Mazauni ɗaya yana wajen Munkaila. A bakin ruwa yake kafa shi, ya juya baya, ya rataya yana tsaye. Damina biyu ke nan hancinsa a bushe. Ya ce, "Umma, dabarar mazaunin nan ta fi komai. Wa ya ba ki?" Ta ce ai wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani.

Gargaɗi

Mai rubutun ba ta ɗauki alhakin ƙugunki ba, ko zaninki, ko abin da Habsatou ke ba da labari a Maraɗi. Mai ƙorafi ta same ni a gida bayan la'asar. Amma ta taho da abin zamanta, don mazauni na biyun a kansa nake salla.