Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Shagon Akawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Akawu mai shagon buga takardu na kusa da famfo yake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda kowa ya sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ta shekara ashirin da huɗu ba ta sauka ba, bayan jinyar kwana tara.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri da riƙon amana. Fara ce sol lokacin da aka kawo ta, shekaru suka mai da ita ruwan tsohon haƙori, amma ba ta taɓa cinye aikin kowa ba. Takardar neman aiki, wasiƙar koke, sanarwar rasuwa, ba irin wadda ba ta buga ba, kuma sirrin da ya shiga cikinta bai taɓa fitowa titi ba. Aibinta ɗaya, nawa. In an kunna ta, sai mutum ya share shago, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya gaisa da tela maƙwabcinsa, sannan ta ga damar buɗe ido. Masu ƙananan kwamfutocin zamani sun sha yi mata dariya. Yau ina nasu suke? Ta binne su duka.

Ta rasu ta bar firinta guda, mai cin takarda in ransa ya ɓaci. Da kibod wanda harafin A ya goge a kansa. Da maus mai jan ƙafa. Da Akawu kansa, da autarsa wadda ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin.

Waɗanda suka saba zuwa da safe za su tuna muryarta. Ƙit, in an danna ta. Fuuu, fanka ta tashi. Kar-kar-kar, tana lalube a cikinta. Daga nan sai muryar mace ta fito daga 'yar lasifikar, da dariya a ƙarshenta: "An buɗe shago? To, sa tabaranka, kada ka ɓata wa mutane suna."

Muryar matar Akawu ce, wadda ake kira Mai Jan Biro, don ita take duba duk abin da ya buga tana zagaye kuskure da ja. A ɗakin ciki take aiki, da tata kwamfutar, wata baƙa, an huda bango an zura waya tsakanin biyun don takarda ta riƙa wucewa ba sai an tashi ba. Ita ta ɗauki muryar nan da kanta, don tsokana. Shekara shida ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta. Tun ranar Akawu ya ja ƙofar ɗakin ciki, bai ƙara leƙawa ba. Kowace safiya yana danna makunnin bango, wuta ta shiga shagon gaba ɗaya, ya kunna Tsohuwa, ya tsaya da tabarau a hannu. Ba ya sawa sai an ce ya sa. Wani lokaci har amsawa yake, ƙasa-ƙasa, in ya ga ba kowa.

Ciwon ajali ya fara ne ranar wata Litinin. Ƙit ya zo, fuuu ya zo, kar-kar-kar ya fara, sai ya tsaya cak. Fuska ta yi shuɗi, ba gaba ba baya. A bayanta kuwa wata 'yar koriyar fitila tana ƙyaftawa, ƙyaf, ƙyaf, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Akawu ya tsaya da tabarau a hannu har rana ta take. Ya kashe, ya kunna. Ya hura mata iska, ya ɗan bubbuga gefenta, ya lallashe ta da kalaman da ba a faɗa gaban mutane. Kwana takwas ana haka, kuma shirun shagon nan, wallahi, har tela ya daina shigowa gaisuwa.

A rana ta tara aka kira mai gyara, wani dattijo mai furfura wanda ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana da baƙin gashi. Ya kwance murfi, ya kaɗe ƙurar da ta isa a shuka gero. Mutum ne mai bin abu daki-daki: ya cire abu ɗaya, ya kunna, ya saurara, ya mayar. Ya sauya ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga, shiru. Ya zare wayoyin ciki ya goge bakinsu, shiru. Can ya kai hannu ga wani ɗan falle mai koriyar fitilar nan, ya ce shi ne katin sadarwa, wato bakin da take magana da wata kwamfutar. Ya zare shi, ya danna.

Kafin ka ce kwabo Tsohuwa ta buɗe ido garau, da saurin da ba ta taɓa yi ba ko tana budurwa.

"Ga mai laifin nan, Malam," in ji mai gyara, yana ɗaga katin. "Shi ya riƙe mata wuya. Ta warke."

Akawu ya matso kusa. Yana tsaye, tabarau a hannu, kunne a lasifika. Fanka tana fuuu. Ba wanda ya tambaya ko an buɗe shago.

"Ina muryar?" ya ce.

"Wace murya?"

Da aka yi masa bayani, mai gyara ya zauna ya yi ta lalube, sannan ya bi wayar nan da hannu har inda ta shige ramin bango. Ya juyo a hankali.

"Malam, muryar ba a cikin wannan take ba. Tana can cikin ta ɗakin ciki. Kullum in ka kunna wuta waccan ma tashi take, wannan ta aika a ɗauko mata. Katin nan lafiyarsa ƙalau, kira yake ba a amsawa. Buɗe mu gani."

Sai a lokacin Akawu ya tuna. Ranar Lahadin da ta gabaci ciwon, autarsa ta zo da tsintsiya ta ce, "Baba, ɗakin nan ya zama gidan ɓeraye, bari in gyara." Shi kuwa, daga bakin ƙofa, ya juya baya ya ce, "Kwashe komai, kada ki nuna min ko tsinke." Ta kwashe. Har da baƙin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur, wanda ba shi da fuska balle a san yana da rai. Wani mai sayen gwangwan yana wucewa da kura, ta ɗora masa, ya tafi.

Aka buɗe ɗakin. Fes, an share, an goge. Sai bakin waya kwance a ƙasa, da wani murabba'i a siminti inda ƙura ba ta taɓa sauka ba. Shekara shida matar nan tana tashi kowace safiya a bayan bango don ta yi masa magana, bai sani ba, kuma da bakinsa ya ce a fitar da ita.

Mai gyara ya rantse cewa Tsohuwa za ta ƙara shekara goma tana aiki. Akawu ya gode masa, ya ce ya mayar da katin inda ya cire shi. Ya ce shi ya taɓa ganin gawa da ido buɗe, ya san ta in ya gan ta. Da hannunsa ya zare fulogi, fanka ta yi wani dogon fuuu, ta tsaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauke ta daga teburinta zuwa ɗakin ciki, a ajiye ta a kan murabba'in nan, da katinta a jikinta, a lulluɓe ta da mayafin Mai Jan Biro. Ana karɓar gaisuwa a kan bencin ƙofar shago. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ga laifin auta, wadda tun ranar ba ta daina kuka ba. Wanda ya ga mai gwangwan da baƙin akwati a kurarsa, don girman Allah ya tsai da shi, kada ya bari ya kai ga guduma.

An rubuta wannan sanarwa da hannu, domin mai buga sanarwar rasuwa ita ce ta rasu. Duk kuskuren da aka gani a yi haƙuri, mai rubutun bai sa tabarau ba. Kuma in kun zo kun ga tabarau a hannunsa, ku yi masa gaisuwa ku wuce. Kada wanda ya ce masa ya sa.