Ranar da Na Goge Kuncin Baƙuwa

Ba zan taɓa mantawa da baƙuwar da ta zo mana ajin yaƙi da jahilci ba, ko da yake na fi so a ce ita ta manta da ni. Lokacin Turawa na nan, ni kuma na ba arba'in baya, ina zaune a tabarma tare da sa'o'in 'ya'yana muna haɗa baƙi da wasali a wani zaure na unguwarmu a Haɗejiya. Ban shiga makarantar da ladabi ba. Da baki na shige ta, kamar yadda nake shiga ko'ina.

Abin da nake taƙama da shi a ajin shi ne sanin ƙasar Bama (ba Bama ta Barno ba, waccan ta ƙetaren teku inda aka kai samarinmu yaƙi). Ƙanena Garba yana cikin waɗanda aka kwasa, bai kuwa dawo ba. Wanda ya dawo shi ne maƙwabcinmu Kofur Manu, ya koma sana'arsa ta su, wato kamun kifi. Shi ya gaya mana zazzaɓi ya kayar da Garba a wani daji, rundunar ta wuce, aka bar shi a hannun mutanen wani ƙauye. Ko an yi masa wanka, ko an sallace shi, ko an juya fuskarsa alƙibla, Kofur bai sani ba. Innarmu ta rasu da wannan tambaya a bakinta, ni na gaje ta.

Don haka duk sanda Kofur ya zauna gyaran taru, sai in tsaya a kansa in yi ta tatsarsa. Ya ce a can gora takan yi kaurin cinya, giwaye ke ɗaukar gungume, maza kuma zane suke ɗaurawa. Ni kuwa in kwaso in kawo aji, in ƙara gishiri. Ranar da mai koya mana, Malama Hauwa, ta buɗe taswira ta nuna mana ƙasar, na ce mata wanda ya zana ya rage ta, ba haka take ba. (Ni da ko garin Malam Madori da ke kusa da mu ban taɓa wucewa ba.)

Sai ga labari cewa Baturen gona da aka turo duba shinkafar fadama ya zo da matarsa, kuma 'yar Bama ce. Malama ta ce ba ƙaramar mace ba ce, ta yi karatu mai zurfi a babbar makarantar ƙasarsu, aikinta shi ne nazarin matan da ke noman shinkafa, yadda suke shuka da casa da waƙoƙin da suke yi a bakin turmi. Ta bi na ƙasarsu da na maƙwabtansu, yanzu namu take son gani. Wa zai tarbe ta? Aji duka ya juyo ya dube ni. Na amsa ban ko sunkuyar da kai ba. A raina kuwa cewa nake Allah ne ya kawo min wadda zan tambaya.

Ranar na ci kwalliya. Na ɗiga katambiri a goshi da kumatu, ya fito baƙi wuluk, na goge haƙora da fure da goro har suka yi jawur.

Ta iso da hantsi, kai tsaye daga fadama, takalmanta duk laka. 'Yar siririya ce, zane ɗaure har idon sawu kamar namu, ta tuɓe takalmi a bakin zaure ba wanda ya ce mata. Nan take ta kwanta min a rai. Sai na dubi fuskarta. A kowane kunci akwai wani abu fari-fari mai ɗan rawaya, ya bushe ya yi ɓawo.

A wurinmu, in kika ga 'yar'uwarki ta taso daga dutsen niƙa da gari a fuska, ko daga fadama da laka, ba kya faɗa mata a gaban mutane. Matsawa za ki yi ki goge mata, shiru, kamar ba a yi komai ba. Wadda ta gani ta ƙyale, ita ce maƙiyiya. Ga shi kuma an ce daga wurinmu za ta wuce gaida manyan gari. Kofur bai taɓa ce min komai game da fuskokin matan Bama ba (daga baya na gane daga nesa ya riƙa hango su). Na yanke hukunci laka ce. Ban tsaya na tambayi kaina yadda laka za ta zauna daidai wa daida a kunci biyu, a zagaye kamar an kifa bakin ƙoƙo ba.

Na matsa. Na dafa tsakiyar kanta da hannun hagu yadda nake yi wa jikata, na lashi bakin mayafina, na kama aiki. Abin bai fita da sauƙi ba, sai da na ƙara yawu. Ta sandare, ido a buɗe. Ina gogewa ina jin wani ƙamshi mai sanyi yana tashi, har na ce a raina ashe lakar fadamarmu ta sami ci gaba. Na gama kuncin dama tas, na juya zan kama na hagu, sai Malama ta riƙe min hannu.

Suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Malama ta juyo kamar wadda aka aiko wa da saƙon mutuwa.

"Gwaggo, kwalliyarta ce kika goge."

Ta ce ɓawon wani itace ne na ƙasarsu, ana goga shi a kan dutse da ɗan ruwa, mata su shafa don ado da maganin rana. Guntun da ke hannun baƙuwar mahaifiyarta ce ta ba ta, ya kusa ƙarewa, ba ta kuma san ranar komawa gida ba, shi ya sa ba ta taɓa shi sai za ta je wurin waɗanda take girmamawa. Mu ke nan. Sannan a wurinsu kai abu ne mai alfarma, baƙo ba ya dafa kan babba.

Baƙuwar ta nuna goshina ta ce wani abu da ɗan murmushi. Malama ta so ta haɗiye, na ce ta faɗa. Wai tambaya take yi, waɗannan baƙaƙen ɗigo na fuskata, in ita ma tana son ta kyauta min, gogewa za ta yi?

Aji ya fashe. Talatu mai ƙosai, wadda na sha gwalewa, har da kwanciya a tabarma. "Yaya, ai ki ƙarasa mata ɗayan," in ji ta, "kar ta tafi a karkace."

Na koma bayan turmin da aka kawo don nuna mata casa na lafe. Aka turara shinkafa, aka casa, baƙuwar ta karɓi taɓarya ta gwada, ta rera musu irin waƙarsu, duk ban ɗaga ido ba. Da wace fuska zan tambayi matar da na shafa wa yawu? Har ta sa takalmi. Sai na ga kunyar nan ta kwana biyu ce, tambayar kuwa in na bari ta fita da ita, ba ni da wani da zan sake yi wa. Na tashi na durƙusa a gabanta, abin da ban cika yi ba. Na ba ta haƙuri, na ce Malama ta gaya mata labarin Garba.

Baƙuwar ta saurara har ƙarshe. Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, ba ta sani ba. Ƙasarsu ƙabilu ne barkatai, kowa da harshensa da addininsa, shekarun da ta yi tana karatu a kansu ba su sa ta san rabinsu ba, yankin da sojojinmu suka yi yaƙi kuma ba ta taɓa taka shi ba. Abin da ta sani, a wajen can akwai ƙauyukan Musulmi a bakin koguna, manoman shinkafa ne, da masallatansu, akwai kuma waɗanda ba Musulmi ba. Wane ne daga ciki ya karɓi ƙanena, ba ta da hanyar sani. Sannan ta ce mahaifinta ma a hanyar gudun yaƙin ya faɗi, har yau ba su san inda yake kwance ba.

Ba amsar da na zo nema ba ce. Amma ranar na fara jin akwai masallaci a ƙasar, na kuwa riƙe wannan da hannu biyu. Tun daga nan in ina yi wa Garba addu'a, nakan haɗa da mutanen ƙauyen, ko su wane ne.

Malama ta kawo ruwa don a wanke ɗaya kuncin su yi daidai, baƙuwar ta ƙi, ta ce ba za ta yi asara biyu ba. Haka ta tafi gaida manya da kunci ɗaya.

Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana karantar mutanenta ta ce "ban sani ba" ko ɗar ba ta ji ba, ni da na yi nawa karatun a bakin tarun Kofur ban taɓa furta kalmar ba. Kar a ɗauka bakina ya mutu, yana nan da ransa. Sai dai yanzu in na ga abu a fuskar mutum, nakan tambaya kafin in lashi mayafi.