Motar da Ta Ƙara Tsawo a Sitona

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe sabon sitona a Wulari. Shekara ashirin ina dillancin wake, daga kwano ɗaya na faro, saboda haka ba kasafai nake yarda wani ya fi ni dabara ba (wannan ita ce cutar).

Motar farko ta iso daga Khaddamari cike da buhuna. Maƙwabta sun taru, an yi addu'a. Sai ga shi ƙarafan saman motar sun ɗara ƙofar sito da kamar yatsa biyu. Direban, wani dattijo mai suna Baba Modu, ya ce, "Alhaji, mu sauke a waje, 'yan dako su shigar da shi."

Na yi dariya. "Baba, tuƙi ka iya, ni kuma na iya kai. A rage wa tayoyin nan iska, tsawonta zai ragu."

Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Aka rage iska, mota ta sulale ciki lafiya lau. Har tafi aka yi mini. Wani ya ce da na yi boko da injiniya zan zama (ban musa ba).

Aka sauke wake tas. Baba Modu ya shiga mota zai fita da ita, sai muka ji ƙarau! Na ɗaga kai na duba. Motar ta ɗara ƙofar da fiye da taƙi guda.

"Innalillahi! Wa ya ƙara mata tsawo?"

"Wakenka ne ya danne ta, Alhaji," in ji Baba Modu. "Ka sauke mata nauyi, ta miƙe. Shi na so gaya maka. Yanzu ko ka fasa ƙofarka, ko a mayar da kaya. Ni ana jirana a Khaddamari kafin la'asar."

Haka na tsaya ina kallo aka mayar da buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, aka fita da mota, aka sake saukewa a waje. Shugaban 'yan dako ya share gumi ya ce, "Injiniya, akwai wata dabarar ko mu ɗauka a ka?"

Sunan ya bi ni har kasuwa. Yanzu idan dattijo ya buɗe baki, hannuna a aljihu yake zama.